Bak ɗin Faransa, IB ko na gida: ina makarantar internasiyonal take kai yaranmu?

Tun watan Yunin 2025 da gwamnatin Trump ta saka Chadi cikin ƙasashe 12 da aka hana 'yan ƙasarsu shiga Amurka, har da masu neman bizar karatu, shi kuma Mahamat Idriss Deby ya rama da dakatar da ba Amurkawa biza, iyaye da yawa daga Njamena zuwa Kusseri har nan Garwa suka shiga tambayar juna: toh wanda ya yi shekara goma yana zuba miliyoyi a makarantar internasiyonal don ɗansa ya fita waje, yanzu ina aka dosa? Kamaru ba ta cikin waccan jerin, amma ita ma maganar ta taɓa mu, don Kanada tun Janairun 2024 ta ƙayyade yawan takardun izinin karatu da take bayarwa, Faransa kuma tun 2019 ta tsawwala wa baƙi kuɗin jami'a. Ga shi duk rantre sai ka ga sabon allo a bakin titi an rubuta masa internasiyonal da manyan baƙi, mutum ya rasa wacce ce ta gaske wacce ce fenti kawai.

Kafin a ce makarantun nan alheri ne ko asara, ya kamata a san me ake saye da kuɗin, da kuma inda takardar da suke bayarwa take kai yaro.

Wai mece ce makarantar internasiyonal ɗin ma?

Ba gini ba ne, ba kuma bas mai sanyi ko farin malami ba. Abin da ke mayar da makaranta ta ƙasa da ƙasa shi ne manhajar da take bi da jarrabawar da yaro zai rubuta a ƙarshe, wato wa ke tsara karatun kuma wa ke sa hannu a diplom ɗin. Idan aka auna da wannan ma'aunin za a ga iri-iri ne.

Na farko kuma wanda muka fi sani shi ne tsarin Faransa. Lise Montaigne a Njamena, Fustel de Coulanges a Yawunde, Dominique Savio a Duwala, duk suna cikin rukunin AEFE, hukumar kula da makarantun Faransa na ƙasashen waje da aka kafa a 1990, wadda yau take da makarantu sama da 500 a ƙasashe fiye da 130. Yaron da ke can yana karanta abin da ɗan Liyon ko Marsey yake karantawa a wannan shekarar, kuma bak ɗin da zai samu, wato takardar gama sakandare, na Faransa ne tsantsa. Tun 2021 bak ɗin nasu ma ya sauya kama, an soke seri S da ES da L, kashi 40 na maki daga aikin aji yake fitowa, 60 daga jarrabawar ƙarshe, har da wata jarrabawar baka da yaro zai tsaya gaban malamai ya kare ra'ayinsa. Mu kuwa a Kamaru har yanzu A da C da D muke, da probatuwar kafin bak.

Na biyu IB, wato International Baccalaureate, wanda aka kafa a Jeniba ta Suwizalan a 1968 saboda 'ya'yan ma'aikatan da ke yawo ƙasa-ƙasa. Shekara biyu na ƙarshe yaro yana ɗaukar darasi shida, ya rubuta dogon bincike na kalmomi 4,000 shi kaɗai, ya yi darasin da ake tambayar "ta yaya ka san abin da ka sani", sannan dole ya yi aikin taimakon al'umma. Maki mafi yawa 45, ana neman 24 a ci. Makarantun Enko na Yawunde da Duwala da wannan tsarin aka san su. Sai tsarin Amurka da na Ingila mai jarrabawar Cambridge, wanda bai kamata a haɗa shi da GCE ɗin Kamaru ba, don shi GCE ɗin hukumarsa tana Buya, jarrabawar gida ce ko da Turanci ake rubuta ta.

Akwai kuma wani rukuni da ke tsakiya. Makarantun Turkawa da ke Ngaundere da Njamena, waɗanda yanzu suke hannun gidauniyar Maarif ta gwamnatin Turkiyya, galibi jarrabawar ƙasa suke shirya yaro, sai a ƙara masa Turkanci da kimiyya mai ƙarfi da hanyar neman burs zuwa Turkiyya. Haka makarantun franko-arab, ba su kiran kansu internasiyonal amma su ma ƙofar waje suke buɗewa, sai dai tasu gabas take kallo, Azhar ta Masar, Madina, da kuma Khartum kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa ɗaliban da ke can.

Ragowar kuma, waɗanda suka fi yawa a unguwanni, makarantun kuɗi ne masu bin manhajar ƙasa da suka ɗora wa kansu sunan. Wasu cikinsu suna da kyau ƙwarai, amma takardar da yaro zai fito da ita ta hukumar jarrabawar ƙasa ce, OBC a Kamaru ko ONECS a Chadi, irin ta ɗan lise ɗin gwamnati sak.

Don wa aka gina su tun farko

Ba don 'ya'yanmu ba. An gina su ne don 'ya'yan jakadu da ma'aikatan kamfanoni da 'yan mishan, saboda in an mayar da uba ƙasarsu yaro ya ci gaba daga inda ya tsaya. Makarantar Amurka ta Yawunde tun 1964 take. Daga baya abubuwa biyu suka haɗu, makarantun suna buƙatar masu biya, masu hali na gida kuma sun gaji da yajin aikin malamai da aji mai ɗalibi ɗari. A Chadi kuɗin fetur da ya fara shigowa bayan buɗe bututun Doba zuwa Kiribi a 2003 ya samar da iyayen da za su iya biya. Yau kusan biyu bisa uku na ɗaliban makarantun AEFE a duniya ba Faransawa ba ne, kuma a 2018 Macron ya fito fili ya ce yana son adadin ɗaliban ya ninka kafin 2030. Ƙasa ba ta kashe kuɗi tana yaɗa makarantunta don sadaka, tana neman waɗanda gobe in sun zama ministoci ko darektoci za su yi tunani da harshenta, su yi ciniki da ita. Turkiyya ma lissafinta kenan, ba ɓoyewa take ba.

Takarda ce ke zaɓar hanya

Nan ne iyaye da yawa ba sa lura sai ruwa ya kai wuya. Kowace takarda da hanyar da aka share mata. Mai bak ɗin Faransa yana shiga Parcoursup, dandalin neman jami'a da aka buɗe a 2018, kafaɗa da kafaɗa da yaran Faransa, ba wanda zai tambaye shi shaidar jin Faransanci, ba wanda zai yi shakkar makinsa. Mai bak ɗin gida kuma ta hannun Campus France, ofishin Faransa mai tantance ɗaliban waje, zai bi, da dosiye da intabiyu da jira. Mai IB ko Cambridge jami'o'in Ingila da Kanada da Amurka da Afirka ta Kudu sun san takardarsa, ba sai ya yi dogon bayani ba. Wannan fa'ida ce ta gaske, kada kowa ya raina ta.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuɗin makarantar sakandare, wanda shi kansa miliyoyin sefa ne duk shekara, somin taɓi ne. A rantre ɗin 2019 farashin jami'ar gwamnati a Faransa ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya tashi daga yuro 170 zuwa 2,770 a matakin lisans, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da 'yan kai, masta kuma 3,770. Jami'o'i da dama sun riƙa yafe wa baƙi wannan ƙarin, amma ba dole ba ne a kansu. Ban da wannan, shekaru da yawa ofishin biza yana neman ka nuna yuro 615 na kowane wata, kusan sefa dubu 403, a shekara ya doshi miliyan biyar, kuma duk wanda ya zauna Paris zai gaya maka ba ya isa. A kwatanta da jami'ar Marwa ko Ngaundere ko ta Garwa da aka buɗe a 2022, inda kuɗin rajista jaka 50 ne a shekara. Tallafin kuɗin makaranta da AEFE take bayarwa na 'ya'yan Faransawa ne, ɗan ƙasa sai dai ya yi fatan burs ɗin Excellence-Major bayan bak, wanda tsiraru ne masu maki na ƙoli suke samu.

Akwai wani Alhaji mai shagon kayan mota a babbar kasuwa da ya taɓa nuna min lissafinsa a bayan littafin bashi. Ya jera shekara bakwai na sakandare, ya ja layi, ya rubuta jimla, a tunaninsa nan aka gama. Ɗan'uwansa da ke aiki a banki ya karɓi biron ya ce, "Yaya, ai ba ka sa na bayan bak ba," ya ƙara masa layi biyar a ƙasa, da kuɗin jirgi da haya da inshora. Alhaji ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba, can ya ce, "Kuma fa su shida ne." Wannan ita ce matsalar da ba a cika faɗa ba, gidan Bahaushe ba gidan yaro biyu ba ne, in ka kai ɗaya ka bar biyar ka dasa wani abu a tsakaninsu, in kuwa ɗakuna biyu ne ko uku toh sai Allah.

Wanda kuma ya gama irin wannan makarantar amma kuɗin fita bai samu ba, shi ne ya fi shan wuya. Takardarsa ta waje ce, in zai shiga konkur na gida ko aikin gwamnati sai ya nemi ekibalans, wato a daidaita takardarsa da ta gida, a ma'aikatar ilimi mai zurfi, sannan tambayoyin konkur ɗin daga manhajar gida ake ɗebo su wadda shi bai yi ba. Ɗauki likitanci, a Kamaru ta konkur na ƙasa ake shiga, kuma Garwa tana da tsangayarta, ɗan seri D da ya sha haddar darussan gida sau da yawa ya fi shi zama cikin shiri.

Aiki: masu zama can da masu dawowa

In aka bi sawun waɗanda suka fito, hanyoyi uku ake gani, ko da yake ba girmansu ɗaya ba.

Mafi faɗi ita ce ta masu zama waje. Yaro ya tafi yana ɗan 18, ya yi lisans da masta, ya yi staj, kamfani ya riƙe shi, ya yi aure ko ya fara biyan bashin gida, shekara goma ta wuce kamar jiya. Ba lallai ƙin gida ba ne, albashi ne da tsari. Mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru, ban da na noma, tun 2023 jaka 60 ne, injiniyan da ya saba da lissafin yuro ko an ninka masa wannan sau goma sai ya ga kamar an zage shi. Ga ɗan Kamaru kuma akwai wani ƙulli, dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba, in ya karɓi fasfon Faransa ko Kanada a doka ya saki na Kamaru, zuwa jana'izar mahaifinsa ma sai da biza. Chadi kuwa ta yarda da biyun, shi ya sa ɗan Chadi ya fi samun sauƙin yin ƙafa ɗaya can ƙafa ɗaya nan.

Ta biyu ita ce ta masu dawowa su shiga inda ake biyan harshe da iya rubuta rahoto, wato bankuna, kamfanonin waya irin MTN da Orange da Airtel da Moov, kamfanonin fetur, hukumar tafkin Chadi da ke Njamena, sai kuma uwa uba ƙungiyoyin agaji. Tun da rikicin Boko Haram ya kawo sansanin Minawawo a 2013 Marwa ta cika da ofisoshin ONG, haka Abeshe da Adire tun da 'yan gudun hijirar Sudan suka kwararo. A nan mai Turanci da Faransanci da kwamfuta yana da daraja, amma abin lura shi ne wanda ya fi kowa tsada a irin wannan aikin shi ne mai haɗa waɗannan da Fulatanci ko Larabcin Shuwa ko Hausa ko Barbarci, wanda zai zauna kan tabarma da lawani da safe, da yamma ya rubuta wa Jeniba rahoto. Wanda makaranta ta ba shi harshen waje ta ƙwace masa na gida yakan koma yana yawo da tafinta a garin kakansa. Sannan wannan kasuwar ba ta da tabbas, yadda Amurka ta rushe hukumar agajinta USAID a 2025 ya nuna aikin ONG yau akwai gobe babu.

Ta uku ita ce mafi ƙanƙanta, masu komawa harkar gidansu, su ɗauki kasuwancin uba na shanu ko albasa ko sufuri ko kwantena su sa masa lissafi na zamani. Waɗannan in an dace su ne suka fi amfanar gari, don suna ɗaukar ma'aikata a nan.

Aikin gwamnati fa? A nan lamarin ya juye. ENAM ta Yawunde da ENA ta Njamena, makarantun horar da manyan ma'aikatan gwamnati, ta konkur ake shiga, kuma a Kamaru akwai tsarin rabon gurabe tsakanin yankuna, wanda a lissafin da aka daɗe ana ambata Arewa Mai Nisa ke da kashi 18, Arewa 7, Adamawa 5. Wato ɗan arewa mai takardar gida yana da ƙofarsa. Galibin prefe da alƙalai da kwamishinonin da ke riƙe da ƙasa 'yan lise ɗin gwamnati ne, abokan ajinsu suna ko'ina a ma'aikatu, shi kuwa ɗan internasiyonal abokan ajinsa suna Montiriyal da Dubai da Istambul. Kowa da irin jama'ar da makaranta ta haɗa shi da su, kuma a ƙasashenmu jama'a sukan fi takarda aiki.

Makaranta ce ta yi ko gida?

Masu tallar makarantun suna nuna tsofaffin ɗalibansu da suka yi nisa, su ce ga aikinmu. Amma a yi adalci a tambaya, yaron da ubansa darekta ne, uwarsa ta yi jami'a, akwai wuta da intanet da littafi a gida, bai taɓa zuwa aji da yunwa ba, in da lise ɗin gwamnati aka kai shi da bai yi nisan ba? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wasu makarantun kuma da gwaji suke ɗauka, su sallami mai rauni kafin shekarar bak, sai sakamako ya fito ɗari bisa ɗari. Don haka wani kaso na nasarar daga gida aka zo da shi. Abin da za a iya jingina wa makarantar kai tsaye shi ne ƙaramin aji, shekarar karatu da ba ta yankewa, laburare da ɗakin gwaji, malamin da aikinsa kawai ya taya yaro cike takardun jami'a, da kuma takardar da duniya ta sani.

Harshe, tarbiyya, da yadda yaro ke kallon na gaba da shi

Wannan ɓangaren shi ya fi tayar da jijiyar wuya, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ba ta wasa ba.

Abin da tsarin IB da na Faransa suke horar da yaro a kai shi ne ya tambaya, ya kawo dalili, ya kalli malami cikin ido ya ce ban yarda ba ga hujjata, har maki ake ba shi a kan haka. A gida kuwa an koya masa kunya da kara, babba in yana magana ka sunkuyar da kai, ba ka kiran sunan yayanka gatsal, ba ka musu da baffanka ko ka fi shi gaskiya. Yaro ɗan shekara 12 yana kwana a wannan ya wuni a wancan. Na ga wani da aka kawo hutu daga Yawunde, ya shigo zaure ya miƙa wa kakansa hannu a tsaye da takalmi a ƙafa, tsohon ya karɓi hannun bai ce komai ba, sai gwaggonsa daga tsakar gida ta ce, "Kai, haka ake gaida Malam a garinku?" Yaron ya tsaya turus, don shi a saninsa ladabi ya yi, ya gaishe shi da fara'a ya kalle shi a ido kamar yadda aka koya masa. Washegari da asuba shi ne ya fara durƙusawa. Ba rashin tarbiyya ba ne, tarbiyya biyu ce ta haɗu a jikin yaro ɗaya ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga wurin wannan ga wurin waccan.

Masu nazarin zamantakewa suna da suna ga irin waɗannan, 'ya'yan al'ada ta uku, kalmar da Ba'amurkiya Ruth Hill Useem ta fito da ita bayan nazarin iyalan Amurkawa a Indiya a shekarun 1950. Ita tana maganar yaran da suka tashi a ƙasar wasu ne. Namu kuwa a ƙasarsu suke, katangar makaranta ce iyakar, shi ya sa abin ya fi ɗaure kai.

Masu goyon baya suna cewa a duba abin da ake samu, yaro mai kiyaye lokaci, mai ƙin satar amsa, wanda ya zauna benci ɗaya da Kirista da Balabanon da ɗan Sin bai ga abin ƙi ba, wanda in an ce kawo na goro a ofis sai ransa ya ɓaci. Suna ƙara da maganar 'ya'ya mata, cewa yarinyar da ta shiga wannan tsarin da wuya a cire ta a aji uku a yi mata aure, kuma tana fitowa da bakin da za ta kare kanta. Masu adawa kuma suna cewa a duba abin da ake rasawa, tarihin juyin juya halin Faransa na 1789 yaro ya sani tiryan-tiryan amma Modibbo Adama da Rabe da daular Barno sai dai ya ji a bakin wani, lokacin islamiyya ya tafi ga aikin gida da wasan ninƙaya, Alƙur'ani ya tsaya a izu biyu, sannan tunanin "rayuwata tawa ce" yana karo da tsarin da albashin mutum ɗaya yake ciyar da gida uku. Akwai kuma batun addini a harabar makaranta. Dokar Faransa ta 2004 da ta hana alamun addini a makarantun gwamnati ta cikin Faransa ce, makarantun da ke waje kowace da dokar cikin gidanta da ta ƙasar da take, don haka maganar ɗankwali da wurin sallar azahar da fita Juma'a abu ne da uba zai tambaya a rubuce kafin ya biya, kada ya ɗauka.

Da aka auna hujjojin biyu, abin da ya fi nauyi shi ne harshe da lokaci. Gidan da aka ci gaba da Hausa ko Fulatanci a kan tabarmar cin abinci, ake tura yaro ƙauye hutu, ake da malamin da ke zuwa bayan magariba, yaransu sukan fito da hannu biyu. Gidan da iyaye da kansu suka koma yi wa yaro Faransanci don burgewa, suka bar shi da direba da mai aiki da waya, nan ne ake samun wanda kakarsa ke magana yana murmushi don bai gane ba. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa makaranta a falo aka fara shi.

Siyasa tana shiga aji

Makarantar da wata ƙasa ke riƙe da ita tana tashi tana faɗuwa ne da dangantakar ƙasashen biyu. Bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yulin 2016 a Turkiyya, Ankara ta matsa wa ƙasashen Afirka su ƙwace makarantun mutanen Fethullah Gulen, malamin da take zargi da kitsa yunƙurin, su miƙa wa Maarif, Chadi da Kamaru duk sun yi, iyaye suka wayi gari da sabbin shugabanni da sabbin malamai ba tare da an shawarce su ba. A Yamai lise ɗin Faransa ta La Fontaine ta daina aiki yadda aka saba bayan juyin mulkin 2023 da rufe ofishin jakadancin Faransa. A Njamena an soke yarjejeniyar tsaro da Faransa a Nuwamban 2024, sojojinta suka gama fita a ƙarshen Janairun 2025, makarantar dai ta ci gaba, amma iyaye sun kwana da fargaba. Yaron da ke tsakiyar manhajar waje in makarantarsa ta rufe ba ya komawa ta gida cikin sauƙi, sai dai karatun nesa na CNED ko a tura shi wata ƙasa. Wannan ne ya sa wasu iyaye yanzu suke raba ƙafa, ɗaya Turkiyya, ɗaya Maroko ko Senegal, ɗaya nan kusa jami'ar Amurka ta Yola da Atiku Abubakar ya kafa, wadda daga Garwa tafiyar yini ɗaya ce ba jirgi.

Wanda ɗansa ba ya can fa?

Shi ne mafi yawa, kuma abin ya shafe shi ta hanyar da ba ya gani. Ƙwararren malamin lissafi ko fizik da ya kamata ya tsaya a lise ɗin gwamnati yakan raba lokacinsa ko ya koma inda ake biya a kan kari. Babban jami'in da 'ya'yansa ba sa makarantar gwamnati yajin aikin wata uku ba ya hana shi barci, alhali a Chadi ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. In masu yanke hukunci suka fice daga tsarin, wa ya rage zai buga tebur? A ɗaya hannun kuma kuɗin da ɗa ko 'ya ke turowa daga waje yana biyan asibiti da makarantar ƙanne da yawa, kuma gasar da makarantun nan suka kawo ta tilasta wa na unguwa gyara aji da sa kwamfuta da ƙarfafa Turanci.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai matsakaicin hali, ma'aikaci ko ɗan kasuwar da zai ci bashi ko ya sayar da fili don allon da aka rubuta wa internasiyonal. Shi wannan yana da hanyar bincike kuma kyauta ce. Makarantar da ta ce tsarin Faransa take bi, sunanta yana cikin jerin da gwamnatin Faransa ke fitarwa duk shekara kuma yana shafin AEFE, har da ajujuwan da aka amince mata, don wata firamare kawai aka yarje mata ba har bak ba. Wadda ta ce IB take yi, shafin hukumar IB yana da wurin neman sunan kowace makaranta ƙasa-ƙasa, haka Cambridge tana ba kowace cibiya lamba. In darekta ya fara kewaye-kewaye, a tambaye shi kai tsaye wace jarrabawa 'yan ajin ƙarshe na bara suka rubuta, a ina suka zauna, wa ya sa hannu a takardar, kuma su nawa ne cikinsu suke jami'a yanzu da sunan jami'ar. A nemi ganin kofin diplom ɗaya da ido kafin a biya kason farko.